Ƙwallon Mangwaro Ɗaya a Bulabulin

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanwata da direba, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba. Mai zuwa Maiduguri ba ya wasa da sammako, don ba a son rana ta faɗi mutum yana tsakanin Damaturu da gari. Wannan ce tafiyata ta farko tun da aka yi mini aikin rage tumbi. Kun san sana'ata, busasshen kifi nake sarowa a kasuwar Baga Road ina raba wa masu gidajen abinci. Kun kuma san ƙibata ta da, wadda ta kai ko mota sai an tallafa mini nake hawa. Ciwon suga da na gwiwa suka haɗu a kaina, likita ya ce in zaɓa, na zaɓa. Yanzu cikina bai fi kofin shayi ba.

Ba hanya ce ta dame ni ba, Ya Kaltum ce, dattijuwar Bulabulin da ta riƙe ni tun ina sarin kwali biyu. Ita ke tsaya mini a wurin masu kifi. In ta ce "wannan tawa ce", ba mai cusa mini kifi mai ƙwari a ƙasan kwali. Tana da bishiyar mangwaro a tsakar gida, tana kuma da ƙa'ida: baƙon da ya zo lokacin mangwaro sai ta dire masa kwano, kuma ba a maganar kasuwa sai ta ga ƙwallaye a faranti. A gabana ta taɓa sallamar wani babban ɗan kasuwa don kawai ya ce ya ƙoshi. Ni kuwa a da farantina tudu yake yi. Ga shi na zo tsakiyar bazara.

Daga Wudil zuwa Azare hanya ta yi mana kirki, sai dai kuɗin mai da ya sa direba yake tsaki a kowane gidan mai kamar shi ke biya. Muka shiga Potiskum rana ta take. Tireloli sun yi layi, warin shanu ko'ina, masu talla sun rufe tagogi. Kankana ta fi ta Kano sauƙi, ƙanwata ta sayi biyu. Ni kuma a nan na yi wauta. Likita ya ce 'ya'yan itace su zo bayan nama ko kifi, a fere, a yanka ƙanana, a tauna sosai, ban da shan ruwansu a tashi ɗaya. Amma na ga lemo an fere shi fari tas, an yanke masa hula, sai hannu ya tuna tsohuwar al'ada. Na tsotse biyu a jere. Ba mu yi nisa ba gumi ya keto mini, zuciya tana dukan uku-uku, kai yana juyawa. Aka tsaya gindin wata darbejiya na kwanta a kan tabarmar salla har abin ya lafa. Ina kwance ina cewa a raina, lemo biyu ya yi mini haka, ina ga kwanon Ya Kaltum?

Bayan Damaturu shingaye suka yawaita. A wani shingen sojan ya dubi katina, ya dube ni, ya sake duban katin, ya ce, "Hajiya, wannan yayarki ce?" Ƙanwata ta yi ta dariya har Benisheikh. Muka shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi, muka sauka gidan dangi a Bulumkutu. Ƙamshin turaren wuta ya tarbe mu tun daga zaure. Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, na tsinci kifin ciki na ci kaɗan, na bar saura ina kallo kamar tsohon miji.

Da safe na hau Keke Napep zuwa Bulabulin, kuma karon farko a shekaru mai keke bai ce in biya kuɗin kujera biyu ba. Lungunan suna nan yadda na san su, masu gawayi, masu ƙosai, mata da lafaya suna ciniki rabi Hausa rabi Barbarci. Na yi sallama. Ya Kaltum ta fito tana "wushe, wushe", gaisuwarsu ta Barbarci, sai ta tsaya cak.

"La'ilaha! Wa ya cinye mini 'ya? Karaya kika yi ko ciwo ne? Faɗa mini gaskiya."

Kafin in amsa har an dire kwanon, mangwaro ya nuna jawur, ga faranti a gefe. Na ɗauki ɗan kofin da take shan shayi na ɗaga.

"Ya, kin ga wannan? Shi ne cikina yanzu. Likita ya rage shi."

"Kika ba da kuɗinki aka yanke miki ciki? Mu nan yunwa kyauta take yi mana!"

Na yi mata bayanin suga da gwiwa. Ta sa ƙafa ta fara ture kwanon gefe, fuskarta ta rufe. Na san wannan turewar, ita aka yi wa ɗan kasuwan nan. Na riƙe bakin kwanon.

"Ban ce ba na ci ba, Ya. A ba ni wuƙa, da ɗan kifi."

Na fara da kifin, na dakata. Sannan na zaɓi mangwaro ɗaya mai laushi, na fere, na yanko gefe guda, na daddatsa shi kamar za a ba jariri. Ina ɗauka ɗaya-ɗaya, ina taunawa har ya narke. An kawo ruwa na ce sai anjima. Ita kuwa ta kafa mini ido, ni kuma ina sauraron cikina, ina jiran gumin Potiskum. Bai zo ba. Tun ina yarinya nake shan mangwaro, amma wallahi sai ranar na san ɗanɗanonsa. Da na gama, na yanko ɗaya gefen na miƙa mata.

"Shekara da shekaru ni kaɗai nake shan naki. Yau ki taya ni."

Ba ta cin abinci da baƙo, kowa ya sani. Ta dubi hannuna ta jima, sannan ta karɓa. Muka bar ƙwallo ɗaya tal a tsakiyar faranti.

"Ƙwallo dai ƙwallo ne," in ji ta. "Tashi mu tafi kasuwa."

A Baga Road hayaƙin banda da ƙaurin tarwaɗa sun cika iska, kwalaye sun kai rufin rumfa, kifi ya yi tsada amma mai kyau ne. Dillalai suka fara raɗa suna kallona. Ya Kaltum ta ɗaga murya, "Tawa ce, ita ce dai! Jiki ta rage, ba jari ba." A da cikin mota nake zama a kawo mini samfuri. Ranar da ƙafata na zaga rumfa-rumfa, na taka benci na hau bayan motar kaya, na sa aka zazzage kwali har ƙasa. Wani dillali ya ce gara Hajiyar da, ba ta hawa sama.

Muka juyo washegari da kaya cike da mota. A Potiskum mai lemo ya miƙo ta taga, na ce Allah ya kawo kasuwa. Mun iso Kano bayan magariba, gwiwata lafiya lau.

Abin da na koyo, wanda aka yi wa irin aikina ba sai ya guji gidajen mutane ba. Ya faɗi gaskiyar cikinsa, ya nemi wuƙa, ya ci a hankali. Mai gida ba yawan ci yake nema ba, so yake ya ga ba a raina abinsa ba. Da nake kwance jaka na tarar da ƙwallon nan a ƙulle cikin tsumma, Ya Kaltum ta sa aka jefa mini. Na shuka shi a bayan ɗakin girki, kuma duk wanda ya zo in bishiyar ta yi 'ya'ya, ko gefe ɗaya ya sha, za mu yi maganar kasuwa.