Lambar da Ba Ta Latsa Ba

Gafiya ake ce masa, don tun yana saurayi rabin rayuwarsa a cikin rami take. Rijiya goma sha tara ya haƙa a ƙauyen da kewayensa, kuma ɗaya ce kawai ta taɓa ƙafewa. In aka kira shi duba wuri ba ya gaggawa. Sai ya tsugunna ya murza ƙasa a tafin hannu, ya dubi itatuwan kusa, ya dubi inda gara ta yi gini, sannan ya kafa dagi ya ce, "A nan." Masu gida su yi ta gardama, shi ko ya kama haƙa. Bayan sati uku su ne za su zo suna washe baki da guga a hannu.

Yayansa ne ya koya masa aikin, kuma yayan ne sanadin shansa. Wata rana rijiya ta rufta da shi, Gafiya na sama riƙe da igiya. Yini biyu ya yi yana tono kafin ya kai ga gawar. Tun daga ranar ba ya iya sauka rami sai ya kurɓi giya cikin murfin kwalba ɗaya, wai maganin sanyin ruwa. Murfi ya zama kofi, kofi ya zama kwalba. Ba ya tangaɗi a hanya, ba ya zagi, ba ya duka. Shiru yake sha, a bayan shagon mai facin taya, ya dawo gida shiru ya kwanta.

Matarsa kitso take yi. Shekara ashirin da biyu suna tare, yara uku sun girma sun kama gabansu. A tsakar gidanta, ƙarƙashin rumfa, kan mata yake zuwa ya kwanta a cinyarta, kuma duk wanda ya san kitso ya san ba gashi kaɗai ake tsefewa ba. A nan ta ji yadda ake yi wa mutum tsirara yana gidansa bai sani ba. Saboda haka ta ɗauki alkawari da ranta cewa sunan mijinta ba zai taɓa shiga rumfar nan ba. In ya dawo yana wari sai ta ce man shafawa ne na ciwon baya. In ya kwana biyu bai fita ba sai ta ce zazzaɓi. Matan su ce, "Ayya, Allah ya ba shi lafiya," su haɗa ido ta bayan kanta. Kowa ya sani. Ita kaɗai ce ba ta san an sani ba, ko kuwa ta ƙi sani.

Shekarar da hannunsa ya fara rawa, shi da kansa ya je ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Malamar asibitin yarinya ce mai babur, ƙauye tara take zagayawa ita kaɗai. Ta ja fatar idonsa ta duba, ta danna cikinsa, ta ce hantarsa ta fara gajiya, amma in ya rage yanzu akwai sauran dama. Ta sa shi cikin wani tsari na waya. Kullum da yamma za a kira, murya ta tambaya ko ya sha yau. In bai sha ba ya latsa ɗaya, in ya sha ya latsa biyu. In ta ga biyu, ita za ta zo har gida ta zauna da shi, ta kawo maganin da ke rage kwaɗayin abin da rawar jiki.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba," in ji ta. "Ba faɗa zan yi maka ba. Gaskiya kawai nake so."

Matsalar ita ce Gafiya ba shi da waya. Tasa tana ƙasan rijiyar makaranta tun bara, ta zame daga aljihu. Ta gidan ɗaya ce, ta matarsa, wadda masu kitso ke kiranta a ciki. Kuma lokacin da ake kiran, shi yana can gaba goma a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya ce mata, "Ke za ki riƙa amsa mini. Ai kin fi ni sanin halina."

Sati biyun farko da gaskiyarta take latsa ɗaya. Ya daina, ya sha wuya, ya yi ta zufa yana jiƙa zanin gado, amma ya daina. Har ya fara cin abinci yana neman ƙari. Ta yi murnar da ta manta rabonta da irinta.

Ran kwana na goma sha shida ƙasa ta zubo masa a ka cikin wani rami, ba da yawa ba, cikin bokiti ɗaya. Ya fito, bai tsaya ko'ina ba sai bayan shagon mai faci. Ya dawo gida yana wari. Da yamma waya ta yi ƙara tana tsakiyar kitson matar mai shagon unguwarsu. Ta kara a kunne, yatsunta duk mai. A zuciyarta ta hango babur ɗin malama a ƙofar gidanta, ta hango matan nan suna leƙe suna tambayar wa ba shi da lafiya. Ta ce a ranta, yau ɗaya ce, gobe zai gyara. Ta latsa ɗaya. Muryar ta ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari."

Gobe bai gyara ba, jibi ma haka. Yatsanta ya saba da hanya, har ba ta jiran muryar ta gama magana.

Akwai safiyar da ba za ta taɓa mantawa ba. Yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaura igiya, ƙullin da ya yi sau dubu ya gagare shi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Me kike latsa musu?"

"Abin da zai rufa mana asiri."

"Yau ki faɗa musu gaskiya. Ni kaɗai na kasa."

"To, na ji."

Ta ji ɗin, kuma ta yi niyya. Amma da yammar mata huɗu ne a rumfa, cikinsu har da surukar ɗiyarta. Ta latsa ɗaya. Ya yi kwana uku yana dawowa da wuri, yana zama a ƙofar gida, duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Da ya ga ba wanda ya zo, bai sake tambaya ba. Tana jin ya ɗauka malama ce ta gaji da shi, kuma ta bar shi a haka, don ya fi mata sauƙi. Wannan shi ne rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Wata rana ta haɗu da malama a bakin titi. Yarinyar ta tsayar da babur da fara'a ta ce, "Inna, mijinki ne na ɗaya a duk ƙauyukana! Kwana saba'in ba fashi. Shi ya sa ba ki ganni ba, ina can wajen waɗanda suka kasa." Gaskiyar ta zo wa matar har bakin leɓe. Idon mijinta ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura har ya daina ɗaura ɗamara, ƙafarsa ba ta shiga takalmi. Ta dubi masu jiran mota da ke tsaye kusa da su, sai ta ce, "Mun gode Allah, mun gode miki."

Bai gama rijiya ta ashirin ba. Ya kai ga danshi, yana murna saura kaɗan, ya hawo ya zauna a bakin ramin ya ce kansa na juyawa. Sai jini ta baki. Kafin a samo mota a kai babban asibiti rai ya yi halinsa.

Mata suka cika gidan. A nan ne matar mai shago ta riƙe hannunta tana kuka ta ce, "Kin yi haƙuri, 'yar uwa. Shekara da shekaru muna ganin abin da kike fama da shi, mun rasa ta inda za mu taya ki." Sauran suka gyaɗa kai. Ba wadda ta yi mamaki, ba wadda ta yi dariya. Ashe asirin da ta ba da ran mijinta don ta rufa a buɗe yake tun tuni. Baƙin cikin da ya kama ta a lokacin ya fi na ganin gawarsa.

Da yamma ta kwana na uku, mutane sun ragu, tana zaune a ɗaki kusa da dagi da igiyarsa, waya ta yi ƙara. Ba wanda ya gaya wa na'ura. Muryar nan ta gaishe shi, ta taya shi murnar cika kwana ɗari, sannan ta tambaya ko ya sha yau. A karon farko ta saurara har ƙarshe. Ta latsa biyu.

Ta zaci faɗa za ta ji. Amma muryar ta ce a hankali, "Ba komai, kada ka karaya. Mun gode da ka faɗi gaskiya. Ba kai kaɗai ba ne. Gobe da safe malama za ta zo ta gan ka."