Fuskar da Ta Fito a Allon Jarrabawa

Cikin duk jarrabawar da na yi wa ɗaliban likitanci a sashen gashin cutar kansa a asibitin Yamai, ta Dokta Hadiza ce ba ta barin raina.

Aikin shi ne: kafin inji ya haska maras lafiya, sai likita ya zauna gaban hoton sikana, yanki-yanki, ya zagaye ƙarin cutar da layi. Ka matse layin, ka bar cuta. Ka sake shi, ka ƙona lafiyayyen nama. Ni ke auna hannun ɗalibai, kuma an san ni da rowar maki. Hotunan marasa lafiyar da suka rasu muke ba su, an goge suna.

Ran nan na ba Hadiza, 'yar Filinge, wani ƙarin maƙogwaro da muka daɗe muna koyarwa da shi. Ɗakin ba taga, ga sanyi, sai gurnanin na'ura. Layinta tsaf, har na fara jin haushin rasa abin gyara. Da ta gama, sai ta danna maɓallin da ke haɗa yankunan su ba da siffar mutum, abin da ba mu cika yi ba.

Fuska ta taso daga duhun allon. Toka-toka, ido rufe, baki a ɗan buɗe. Tsagar Kurfayawa ta fito raɗau a kunci, kunnen hagu da gutsure.

Hadiza ta janye hannu. "Malam, wannan kawuna ne, Isa tela."

Na ce, "Allah ya jiƙan shi. Ya shekara biyu da rasuwa."

"Wa ya rasu? Da sallar layya tare muka ci nama. Kullum dai wuyanshi naɗe da rawani."

Wallahi na kasa kallon allon, na kasa kashe shi.

Da muka bincika, ashe lambar wayar wani maƙwabcin rumfarsa ya bari a asibiti. Da aka kira aka tambayi Isa, sai aka ce an yi jana'izarsa, alhali wani Isan ne, mahauci. Shi ke nan aka rubuta ya rasu.

Washegari muka kama hanya, muka ratsa Baleyara. Mun iske shi a kasuwar Filinge, bisa keken ɗinkinsa. Fuskar da na daɗe da sani ido a rufe, ga ta tana kallona tana ƙifta ido.

Hadiza ta durƙusa. "Kawu, don mi ba ka faɗa muna ba?"

Muryarsa ta dushe, sai da na matso. "Ɗiyata, kina karatu, in tada maki hankali? Su likita sun ce in koma gida, za su kira. Ban so in matsa masu ba."

Mun tafi da shi, aka sake hoto. Na ɗora tsohon layin bisa sabon, sai ya zama ɗan zobe a tsakiyar cutar. Gashin rage zafi kawai muka iya yi masa, bai kai kaka ba.

Hadiza ta ci jarrabawa, ba ta zo karɓar sakamako ba.

Ku da ke tasowa, mutanenmu in kun ce su jira, jira za su yi har kabari, don kunyar likita. Yanzu ba na saka hoton kowa a jarrabawa sai na aika an ga wanda ya yi masa sallar jana'iza.