Tukunyar Hano a Rufe

Shekarar da damina ta ƙi, ina ɗan shekara bakwai a Kurawa, kututture ya yanke ni a ƙauri. Ciwon ya zama gyambo, har wari yake. Baba ya ce in kasuwa ta zagayo bai yi sauƙi ba, sai asibitin garin Isa, ni kuwa na ji ana cewa can yanke ƙafa ake yi. Tsoro ya hana ni ko kuka.

Kullum Inna tana tafasa ɓawon hano ta wanke mini. Ruwan da ake wahalar samu ya ƙone rabi, gida ya cika da ƙamshi, ciwo yana nan.

Kakata ta wajen uba, Iya, ba ta yi wa suruka faɗa. Bayan magariba ta tara mu bakin murhu, Inna na gefe tana iza wuta.

"Matso nan, maigidana mai ƙafa ɗaya da rabi," in ji ta. "Ga wata nan ta zo muku."

Wai wata mata ce ɗanta ya kwanta. Itacen hano ya ba ta ɓawonsa, ya ce, "Maganina cikin numfashina yake, ki tsare shi." Ita kuwa tana son maƙwabta su ga hayaƙi su san ba ta zauna ba, sai ta bar tukunya buɗe. Iska ta zo ta kwashe numfashin, ta kai wa wani jaki mai miki a bayan gari. Jaki ya warke, ya yi ta birgima.

Muka fashe da dariya. Na ce, "Yaron fa?"

"Wanga yaro, ka cika gaggawa! Uwar na da hankali. Ta rufe tukunya da ƙwarya, ta liƙe baki da laka, ta rage wuta. Ƙurunƙus, kowa shi kama gabansa."

Washegari na ga tukunyar Inna a rufe. Da aka buɗe, cikin ƙwaryar duk zufa ce mai maiƙo. Da ita da ruwan aka wanke ni. Wayyo, zafi! Amma kafin kasuwa wari ya ɗauke, Baba ya duba ya ce alhamdulillahi, aka bar zancen Isa.

Na girma na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Nan na ga yadda ake tatsar man itatuwa da tururi: sinadaransa masu ƙamshi ba su da nauyi, zafi kaɗan sai su bi iska. Na ɗiga na hano a faranti mai ƙwayoyin cuta, suka ƙi tsirowa kewaye da shi. Ban ce shi kaɗai ya warkar da ni ba, kuma yau mai irin ciwona asibiti nake tura shi.

Da na je gida na ce wa Inna, "Za ni faɗa miki abin da na gano, ashe da ke Iya take."

Ta harare ni. "Kai yanzu ka gane? Tun kan jaki na gane. Da faɗa ta yi mini, da na tsaya gardama, kai kuwa da yau sanda kake dogarawa."