Hajjo Mai Jiƙon Anza

Hajjo matar Sajo ba ta taɓa shiga aji ba. Ni kuwa duba makarantu ne aikina a ƙasar Gumel tun da na gama jami'a a Zariya, amma ban san malamin da ya taka ƙasa don koyarwa kamar ta ba. Darasinta ɗaya ne: yadda ake jiƙa 'ya'yan anza, itaciyar nan ta daji da ba ta jin fari, kafin a dafa a ci.

Gidanta na jikin gidan mahaifiyata a Garin Manu, kusa da Sule Tankarkar, danga ce kawai a tsakani. A can 'yata ta fari take. Iya ta karɓe ta tun daga yaye, kamar yadda ake yi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko a gabanta ko a bayan idonta, don a gidanmu uba ba ya ambaton ɗan fari. "Yarinyar nan" nake cewa. In na je ƙarshen wata, takan riƙe madubin babur ɗina tana duba haƙoranta, ni kuma in wuce gaida Iya kamar ban gan ta ba. Shekarunta biyar.

Damunar 1973 gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Kafin bazara rumbuna sun ƙare, maza sun watse cin rani, Sajo ya yi Kudu. Ina aika wa Iya dawa, saboda haka gidanta ba a rasa tuwo ba. Hajjo kuwa aka bar ta da 'ya'ya uku. Ta ga mata na tsinko anza, ta ji an ce jiƙawa ake yi, amma ba wanda ya gaya mata kwana nawa. Tsofaffin da suka ci a yunwar da ta wuce sun daɗe da rufe baki, don abin kunya ne a ce gidanku an taɓa cin anza. Rijiyar garin kuma gaba talatin ce, sai mace ta wuni kafin ta samu tulu biyu. Hajjo ta jiƙa kwana ɗaya, a ruwa ɗaya, ta dafa da gishiri.

Yarinyar tawa ta ratsa ta ɓular danga ta sa hannu a akushi tare da ƙawayenta, kamar kullum. Hajjo ba ta hana ta ba. Ba a korar ɗan maƙwabci daga bakin akushi, balle mai yunwa ya kori 'yar gidan da ke ba shi dusa. 'Ya'yan Hajjo suka yi amai da gudawa kwana biyu, suka miƙe. Tawa ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Ranar Laraba aka aiko mini Gumel. Na isa bayan la'asar, an riga an kai ta.

Daga baya na tambayi wani likita abokina. Ya ce ba zai rantse anzar ce kaɗai ba. Na rubuta wannan don gaskiya ne. Hajjo dai ba ta taɓa neman mafaka a cikin irin wannan zance ba. Ta zo gaisuwa, na ce haka Allah ya ƙaddara, sannan na yi shekara huɗu ina zagaye ƙofarta.

Cikin mutanen Damagaram da suka kwararo ta Maigatari a shekarar yunwar akwai wata tsohuwa da ƙafa ta gaza. Hajjo ta ba ta kusurwar ɗaki, ita kuma ta koya mata: a ɓare, a wanke, a jiƙa kwana biyar, kullum safiya a sake ruwa, a ɗanɗana da harshe har ɗacin ya fita sarai. Ruwan da aka tsiyaye a yi wanki da shi, kada a ce an yi asara. Da tsohuwar ta rasu, Hajjo ta ɗauki ƙwarya biyu, ɗaya da jiƙon kwana ɗaya, ɗaya da na kwana biyar, ta fara bin gidajen suna da biki da bakin rijiya tana sa mata su lasa. Ta kai Gagarawa. Ranar kasuwar Maigatari takan zauna a gefen masu daddawa, ba ta sayar da komai.

Muddin ana yunwa ana saurarenta. Da ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, sai ta zama abin dariya. Iya ce ta ba ni labarin wani suna da uwar mai jego ta tare ta.

"Hajjo, ke bakinki bai iya alheri ba ne? Ana suna kina kiran yunwa!"

"Ba kiranta nake ba, Yaya. Ta san hanya."

"To ajiye ƙwaryar nan ki zo ki kama mana daka. Ko turmin ma sai ya kwana biyar a ruwa?"

Da kakar 1978 ina zaune a zauren Iya da hantsi, Hajjo ta yi sallama ta durƙusa daga nesa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta baƙi.

"Malam, roƙo na zo. In ka hana, ka hana, ba zan sake ba."

"Ina jin ki."

"In na ce musu wata yarinya a wani gari, sai su ce wane gari, su ce tatsuniya nake. 'Yan matan da ake aurarwa bana ba su san ɗacin abin nan ba, kuma su zai tarar. So nake in faɗi sunanta, da na kakarta, in ce ni na dafa."

"Kin san abin da za a riƙa kiranki?"

"Ana kirana tuni, Malam. A bayana ne dai."

Na ce zan yi shawara. A Gumel na gaya wa matata Lauratu. Tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Shekara biyar tana raye, kunya ta hana mu kira," in ji ta. "Yanzu kuma kowa na tausayinmu, ba mai faɗa a gabanmu. Ni na fara mance yadda yake a bakin mutum. Ka bar ta."

Na aika wa Hajjo cewa mun yarda.

Bayan wata biyu aiki ya kai ni wata makaranta a gefen Gagarawa, ranar da ake suna a gidan mai unguwa. Maza muna zaune a tabarma a jikin danga. Daga ciki na ji ana tsokana: ga mai anza ta iso, a ɓoye tukwane. Hajjo ta bari dariyar ta lafa.

"Sunanta Asama'u," ta ce. "Jikar Iya ta Garin Manu, ku je ku tambaya. Tana da wushirya. In ta shigo gidana sai ta ce, Inna Hajjo, yau me aka dafa? Ni na dafa. Kwana ɗaya na jiƙa, don ina tsimin ruwa."

Taɓarya ta tsaya. Mutumin da ke kusa da ni yana yi mini bayanin kujerun aji, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban san tana ce wa Hajjo Inna ba. Ban san yadda take tambayar abinci ba.

Can wata murya ta yarinya, amarya ce ina tsammani, ta ce, "Inna, kwana nawa kika ce?"

"Biyar. Zo ki lasa ki ji."

Tun daga ranar, in zan fita rangadi nakan tambayi Iya inda Hajjo za ta a makon. In hanya ta yi daidai, nakan nemi wuri a jikin danga. Lauratu ta bi ni sau biyu, ita ta shiga ciki. Sunan kuwa har yau bai fito daga bakina ba. Rubuta shi na yi, a nan, sau ɗaya.