Hannun da Na Sa wa Ƙanin Hajiya

Karatuna na boko a aji shida na firamare ya tsaya, can Najeriya. Da na zo Duwala takalma nake sayarwa, har ranar da wata Hajiya 'yar unguwar New Bell ta ji ina ciniki da wani baƙo da Ingilishi. Tana da 'yar makarantar manya a saman shagon mijinta, ɗaki ɗaya, benci shida. Ɗalibanta haifaffun unguwa ne, Faransanci suka karanta, yawancinsu a ofisoshin Akwa suke aiki. Na gaya mata iyakar ilimina, ban ɓoye ba. Ta ce, "Malam, kai ɗan Najeriya ne, wannan ya ishe su."

Horon sati biyu ta yi mini: yadda ake rubutu a allo ba a juya wa mutane baya, yadda ake sa su maimaita. Ba mu rubuta yarjejeniya ba. Kowane darasi sai na bi shi sau uku da ƙamus kafin in shiga aji, duk da haka in wani ya ɗaga hannu sai gabana ya faɗi. Ranar da ruwa ke dukan kwanon rufi har ba a jin magana, ni a wurina hutu ne.

Wanda ya yi wata shida akan ba shi takardar shaida, atestasiyo suke ce mata. Hajiya ta buga hatimi, ni kuma in sa hannu a ƙasan layin da ke cewa mutumin yana jin Ingilishi, yana kuma magana da shi. Ban taɓa sa hannu ba sai na zaunar da ɗalibi mun yi hira.

Wata Laraba bayan la'asar, Hajiya ta hawo da ƙaninta. Ɗan acaba ne, babur ɗin haya da a nan ake ce wa bensikin yake ja tsakanin New Bell da Ndogpassi, bai taɓa zama a ajina ba. Ya sami hanyar aiki a jirgin ruwan dakon kaya, inda ake ba da umarni da Ingilishi, kuma an nemi ya kawo takarda. Ta ajiye ta a gabana, hatimi a buge.

Na tambaye shi sunansa da Ingilishi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, sa va, ba komai, kar ka wahalar da baki."

Na ce, "Hajiya, wannan ai shaidar zur ce. In ƙugiyar ɗaga kaya ta sako kaya a kansa, aka yi masa ihu ya kauce, da wane kunne zai ji?"

Ya ce, "Shekara tara ina ratsa cunkoson Ndokoti a kan babur ban mutu ba, sai igiyar jirgi?"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, kai wa ya nemi takardarka da na ɗauke ka?"

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na tuna rumfar takalman da na riga na saki, da iyalina, da katin zaman ƙasa da mijinta ya tsaya mini na samu. Na ɗauki biro. Na sa hannu.

Saura sati uku jirgin ya tashi. Na rubuta kalmomin Ingilishi ashirin a bayan kwali: tsaya, kauce, wuta, saki, riƙe, mutum ya faɗa ruwa, da irinsu. Kullum bayan asuba sai in je ƙofar gidansu kafin ya fita da babur. Ranar farko ya ce, "Kai Malam, ko mai bin bashi ya fi ka tausayi." Na tsaya a bayansa ina kwaɗa masa kalmar kauce, don in ga ko jikinsa zai motsa kafin ya yi tunani. Wani lokaci ya motsa, wani lokaci ya juyo yana kallona. Sau biyar kawai na same shi a gida. Ran na shida mahaifiyarsu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ce ya tafi tun jiya, an matso da tafiyar. Kwalin na nan a kan taga, bai ɗauka ba.

Wata bakwai ke nan. Har yanzu ina koyarwa, kuma Hajiya ba ta sake kawo mini irin wannan takarda ba. Inna takan biyo ta gaban shagon ranar Juma'a, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, Allah ya saka maka, kai ka buɗe wa ɗana hanya." In ce amin. Na taɓa tambayarta ko yana kira. Ta ce sai in sun tsaya a tasha, kuma yanzu an ɗan kwana biyu.

Tagar ajin tana kallon lungunsu. In na hango Inna daga nesa ba fuskarta nake fara dubawa ba, tafiyarta nake duba. In a hankali take tahowa, na san ba mugun labari ta ɗauko ba, sai in juya ga allo in ci gaba.