Farin Leshi da Ruwan Bula

Shekara talatin Baba Ajadi yana gyaran tsofaffin akwatunan gilashi na kifi a Ibadan. Yakan kankare tsohon gam da reza, ya shafa sabo, in ya bushe ya ɗora akwatin kan farin ƙyalle ya cika shi da ruwan bula. Ko ɗigo ya zurara, ƙyallen zai tona.

Ranar da ya gama wani ƙaton akwati, ƙyalle ya fito fari fat. Ya ɗaga shi yana rawa har bakin titi.

Matarsa Abeke ta ƙwalla ihu: "Baban Folake! Leshin cocina ne fa!"

"To duba mana! Kin ga shuɗi?"

Ta duba, babu. Ranar Lahadi duk wadda ta yaba leshin sai ta ce, "Aikin mijina ne."