Kariyappa da Masu Tafiya da Baya

Kariyappa mai gadi ne a kangon tsohon haikalin abin bautarsu Shiba da ke bayan garinsu, a jihar Karnataka. Yana yaro, a inuwar ginin nan yake kiwon awakin mahaifinsa. Da hukumar adana kayan tarihi ta killace wurin, sai ta ba shi hula da usur da doka guda: a shiga a yi kallo, amma ban da ibada, tunda an daina ta a nan tun kafin zuwan hukuma.

Hana kawo fure da fasa kwakwa don ibada bai ba shi wuya ba. Waɗanda suka gagare shi su ne tsofaffin matan gari, da kan zagaye ginin kowace safiya, suna barinsa a hannun dama, leɓɓansu na motsi.

Wata rana mai duba aiki, Kulkarni, ya tarar da su.

"Waɗannan fa?"

"Motsa jini suke yi, yallaɓai."

"Da tafin hannu a haɗe? Duk mai zagaya haikali ta dama ibada yake yi. In na dawo na ga haka, ka ajiye hular nan."

Kariyappa bai iya wata sana'a ba, awakin kuma tuni aka sayar. Saboda haka ya kafa turaku, ya zana kibiyoyi a kansu, duk suna nuna a zagaya ta hagu.

Washegari gwaggonsa Hanumakka, jagorar matan, ta tsaya gaban turken farko ta ƙura masa ido.

"Kai Kariya, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To, ai gawa ake zagayawa ta hagu, ranar da za a ƙona ta. Hular ce ta matse maka kai, ko dama haka na goya ka?"

Kafin rana ta take, labari ya gama gari, wai Kariyappa ya yi wa Shiba jana'iza. Mai shayi ya ware masa kofi dabam, kamar wanda ya dawo daga wurin ƙona mamaci. Matarsa ta riƙa ajiye masa gurasar dawa a bakin ƙofa, ta ce ba zai shiga ɗaki ba sai ya yi wanka. Ya cire turakun, ya tuna da Kulkarni, ya mayar. Ya tuna da wanka da ruwan sanyi, ya sake cirewa, ya sake mayarwa.

Ranar da ake sa ran mai duba aiki, Hanumakka ta iso da faɗa. Tana matsowa tana nuna shi da yatsa, shi kuwa yana ja da baya, yana bin kibiyoyinsa ba tare da ya sani ba. Can sai ta sauke yatsan.

"Tsaya. Ina ginin yake daga gare ka?"

Ya waiwaya. "A hannun dama, Gwaggo."

"Kibiyar fa?"

"Ita nake bi."

Tsohuwa ta gyara mayafi, ta juya, ta ce wa sauran, "Ku ba kibiya baya, 'yan'uwa."

Da Kulkarni ya iso, sai ya ga jerin tsofaffi suna tafiya da baya, a hankali, daidai inda kibiyoyi suka nuna. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ibada ce?"

"Yallaɓai, ka taɓa ganin mai ibada da baya?"

Kulkarni ya yi tunani, bai tuna ya taɓa gani ba. Ya ce ya ji dai ana cewa irin wannan tafiyar tana da kyau ga gwiwa, ya hau babur ɗinsa.

Hular tana nan a kan Kariyappa har yau, kuma a cikin ɗaki yake cin gurasarsa. Aikin ne kawai ya ƙaru, don kowace safiya akan ji muryarsa daga bayan ginin: "Dutse a bayanki, Gwaggo. Ɗaga ƙafa."